Rasuwar Dogo, Layin Wayar Sabon Gari Zuwa Samaru

Da zuciya cike da baƙin ciki, da kunnen dama da har yanzu bai huce daga dogon saurare ba, Malam Zailani Umaru, mai kantin iri da takin zamani da maganin dabbobi a bakin kasuwar Sabon Gari, Zariya, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da abokan ciniki rasuwar layin wayar tarhonsa, wanda ofishin waya ya sani da Layi Na Musamman Mai Lamba Goma Sha Bakwai, mutanen kanti kuma suka sani da Dogo. Ya rasu ranar Alhamis da ta wuce, ƙarfe takwas da minti huɗu na safe, a kan falwaya ta ɗari da goma sha biyar, tsakanin Kwangila da Palladan, bayan jinyar wata uku. Ya bar duniya yana da shekara shida.

An tambayi malamai ko ya halatta a nema wa waya gafara. Sun ce babu bukata, tunda ba a rubuta mata zunubi. Malam Zailani ya karɓi fatawar hannu biyu, domin ya san wanda aka rubuta wa zunubin wannan jinya, kuma za a zo kansa nan gaba.

An haifi marigayin a daminar 1971, bayan shekara biyu ana cike takardu. Ba irin wayar nan ba ce da mutum zai kira ofishi ya ce a haɗa shi da wane. Tun da aka ja shi, wuri biyu kawai ya sani a duniya: kantin Sabon Gari da reshensa na Samaru, mil tara tsakani. Baƙin akwati a nan, baƙin akwati a can, kowanne da mariƙi a gefe. Ka juya mariƙin nan, ƙararrawa ta kaɗa a can. Bai taɓa kai maganar kowa wani gida ba, don bai san hanyar wani gida ba.

Reshen Samaru yana hannun Adebayo ne, Baban Remi, abokin tarayyar Malam Zailani na shekara goma sha tara, haifaffen Sabon Gari, wanda ya fi Malam Zailani iya baƙar magana da Hausa. Shi ya ɗauki Samaru saboda yana jin Turancin malaman jami'a, masu zuwa neman irin tumatir da sunan da ba ya faɗuwa. Malam Zailani ya zauna Sabon Gari saboda shi ke da haƙurin sauraron makiyayi yana bayanin ciwon saniya tun daga kakarta.

Marigayin mai cika alkawari ne. Kullum ƙarfe takwas na safe, ban da Lahadi, sai a ji shi: kirr-kirr, gajeru guda biyu. Wannan hannun Adebayo ne, babu mai juya mariƙi haka sai shi.

"Malam, ka farka, ko har yanzu kana mafarkin zama Alhaji?"

"Na farka, Baban Remi. Kai fa, limamin cocinku ya sake ka?"

Daga nan sai a shiga batun kaya. Marigayin mai haƙuri ne kuma. Shekara shida yana ɗaukar faɗan mutum biyu da ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba, yana kai wa kowa nasa da zafinsa, bai rage ba, bai ƙara ba. Da damina muryarsa takan yi kamar ana suya a cikinta. Ba a taɓa riƙe shi da wannan ba.

Ciwon ajalinsa ya fara ne wata Talata a farkon watan Yuni, da hantsi. Malam Zailani ne ya kira, kuma faɗa ya kira yi. Adebayo ya jera buhunan taki daidai ƙarƙashin wurin da kwanon kantin Samaru ke yoyo, bayan an gaya masa sau uku. Malam Zailani ya yi kamar minti goma yana magana bai sha iska ba, abin da waɗanda suka san shi ba za su yi mamaki ba. Yana tsakiyar kawo tarihin wani yoyon na shekarar da ta gabata, sai Adebayo ya ce, "Dakata, Malam. Ina zuwa."

Aka ji an ajiye kan wayar a kan kantar kanti, ƙwas. Aka ji takun ƙafa, aka ji an ja benci. Sai agogon bangon kantin kaɗai, yana ta tafiyarsa.

Malam Zailani ya zaci mai sayayya ne ya shigo. Ya jira. Ya ce cikin wayar, "Ka gudu ke nan, ko?" Da ya cika minti goma sha biyar yana jira, ya kifa nasa kan da ƙarfi, ya rantse a ransa ba zai sake kira ba sai an ba shi haƙuri. Bayan la'asar telan da ke maƙwabtaka da kantin Samaru ya sauko daga bas, hula a hannu. Ya ce Adebayo ya fito baranda, ya zauna a benci, ya dafe ƙirji. Kafin a samo mota ya cika. Maƙwabta suka ja ƙofar kantin suka sa kwaɗo, ba wanda ya shiga.

Bayan an binne shi, matarsa Adunni, Maman Remi, ta zo Sabon Gari da makulli ɗaure a bakin zani.

"Malam, a gidansu mace ba ta fara buɗe ƙofar da mijinta ya fita bai koma ba. Ɗan'uwansa namiji ke buɗewa. 'Yan'uwansa na jini sun koma gida, kai ne na nan. Ka buɗe mini, ni zan riƙe kantin. Na san kayan, ai ni nake jera masa."

Malam Zailani ya karɓi makullin ya sa a aljihu. Ya ce, "Bari a gyara waya tukuna, Maman Remi. Kanti ba waya, yaya za mu yi aiki?"

Ta dube shi, ta dubi baƙin akwatin, ta ce to.

Abin da bai gaya mata ba shi ne, washegarin rasuwar, ƙarfe takwas ta yi masa a gaban akwatin, hannunsa ya juya mariƙi da kansa ba tare da ya nemi izini ba. Ƙararrawa ba ta kaɗa a can ba. Amma da ya kai kan wayar kunne, sai ya ji agogo. Tik, tik, tik, daga mil tara, a ɗakin da ke kulle. Kwana shida agogon ya ƙara yi, domin ran Litinin Adebayo ke wana shi da makullinsa. Ran na bakwai ya tsaya, Malam Zailani yana saurare.

Bayan agogo sai sauran muryoyin marigayin suka fito. Ruwa a kan kwano. Ɗigo, ɗaya bayan ɗaya, a kan abin da Malam Zailani ya san buhu ne. Ɓera yana aikinsa a nutse. Ladanin Samaru, can nesa, kamar daga cikin rijiya. Bas ɗin 'yan jami'a tana canza giya. Wata rana da azahar wani ya ƙwanƙwasa ƙofa ya kira, "Baba Remi? Baba Remi?" ya ɗan tsaya, ya tafi. Malam Zailani ya kusa amsawa. Kullum sautin yana ƙara yin nisa, kamar mai tafiya da baya yana kallonka, amma bai taɓa ɗaukewa gaba ɗaya ba.

Shi dai ya kai ƙara ofishin waya cewa layinsa ba ya kaɗawa, wanda gaskiya ne.

Akawun ƙorafi, wani mai suna Martin, mutum ne mai fara'a da bai taɓa ba kowa labari mai daɗi ba. Ya miƙo fom. A fom ɗin akwai tambaya ta bakwai: shin mai layi ya duba akwatunan da ke kai biyun layin, ya tabbatar kowanne yana zaune daidai? Malam Zailani ya rubuta, E. Sau goma sha tara ya cike fom ɗin nan cikin wata uku, sau goma sha tara ya rubuta E, da kyakkyawan rubutu, makulli yana aljihunsa.

Sashen Zariya ya auna layin, ya ce lalle wayoyin biyu sun haɗu a wani wuri, amma wurin yana ɓangaren Samaru. Sashen Samaru ya auna, ya tabbatar wayoyin sun haɗu, ya yi juyayi, ya ce wurin yana ɓangaren Zariya. Malam Zailani ya nemi a haɗa su su auna tare. Aka ce tsani na Zariya ne, ɗamarar hawa ta Samaru ce, Landiroba kuwa ta kowa ce amma tayarta uku. Da aka samu taya ta huɗu, direba ya tafi hutu. Da direba ya dawo, mai awo ya tafi kwas.

Ba za a ce ba a yi wa marigayin magani ba. An sare rassan wani dogon yaro a Palladan da bai san hawa ba bai san sauka ba. An sauke sheƙar tsuntsaye goma sha ɗaya. An zargi damina, an zargi jirgin ƙasa, an zargi wani mai shanya a Kwangila. A wata na biyu aka turo babban injiniya daga Kaduna, ya shimfiɗa taswira a kan kantar Malam Zailani, ya nuna cewa iyakar Zariya falwaya ta ɗari da goma sha huɗu ce, Samaru kuma ta fara daga ta ɗari da goma sha shida. Malam Zailani ya tambayi ta tsakiya. Injiniya ya ce waccan an kafa ta ne daga baya, ba ta shiga taswira ba, kuma falwayar da ba ta cikin taswira ba za ta iya samun matsala ba, tunda babu ita. Ya sha lemo, ya naɗe taswirarsa.

Sau ɗaya gyara ya taɓa layin da gaske. Wani ya sauya wasu wayoyi a ofishi, Malam Zailani ya ɗaga kan wayar da safe sai ya ji wani saje a barikin Basawa yana neman a kawo burodi. Babu ɗigo, babu ladan. Kwana biyu ke nan. Ya bar kanti a buɗe ya tafi ofishi da sauri irin wanda bai dace da shekarunsa ba, ya ce a mayar masa da layinsa yadda yake.

Martin ya ajiye biro. "Yadda yake, Malam? Ai a lalace yake."

"To, a mayar da shi a lalacen."

"Shekarata takwas a teburin nan," in ji Martin, "kai ne na farko da ya zo a mayar masa da ciwonsa."

Aka mayar. Wannan ne kaɗai aikin da ofishin ya gama cikin yini guda.

Duk Asabar Maman Remi takan biyo ta kantin. Ba ta taɓa ɗaga murya ba. Ta gaishe shi, ta tambayi matarsa Kaltume da yara, ta zauna a benci tana kallon akwatin. A Asabar ta goma sha ɗaya ta ce, "Malam, masu noman rani na Shika sun fara tambayar irin albasa. Baban Remi ya yi shekara shida kafin su saba da ƙofar nan. In suka saba da wata, ba za su dawo ba. Ni ba waya nake jira ba, kai ma ka sani."

Ya ce mata an yi masa alkawarin mako mai zuwa. Da ta tafi, ya ɗaga kan wayar ya saurari ɗigo.

Wanda ya gano ciwon ba injiniya ba ne. Baba Shekari ne, tsohon mai hawa falwaya da saura masa wata biyu ya ajiye aiki, wanda ya shigo sayen maganin kaska saboda awakinsa, ya tarar da mai kanti da waya a kunne ba ya magana da kowa. Ya ji labarin, ya ce ran Lahadi bayan coci su haɗu a gindin falwayar da babu ita. Ya zo a kan keke, da ƙarafunan hawansa na kansa. Ya hau a hankali, kamar mai gaida kowane taku. Ya maƙala 'yar wayar gwajinsa, ya sa a kunne. Ya daɗe a can sama, fiye da yadda awo ke bukata. Da ya sauko ya tsaya yana kwance ƙarafunan, bai dubi Malam Zailani ba.

"Malam, shekara talatin ina hawa. Layin nan ba shi da ciwo ko na ƙwayar gero. An ɗaga kan waya ne a Samaru, ba a mayar ba. Shi ne haɗuwar da suke ta gani a awo."

"Ka tabbata, Baba?"

"Kai ma ka tabbata." Ya ɗaure ƙarafunan a bayan keke. "Me kake rubuta musu a tambaya ta bakwai?"

Malam Zailani ya dubi motocin da ke wucewa Samaru.

"To, ban tambaya ba," in ji Baba Shekari. "Amma ruwa yana zuba a kan wani abu a ɗakin can. Ka je ka kau da shi."

Ranar Laraba Malam Zailani ya je, tare da Maman Remi. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da tela ya kawo man keke. Malam Zailani ya tura ƙofar, ya shiga shi kaɗai tukuna, kamar yadda aka ce a yi. Buhunan taki sun sha ruwa sun daskare kamar dutse. Ashe dai shi ke da gaskiya a kan yoyon, kuma bai taɓa riƙe gaskiyar da ba ta da amfani kamar wannan ba. Agogo ya tsaya a tara saura kwata. A kan kanta ga tabarau a buɗe, ga biro, ga kan wayar a kwance a gefensa, bakinsa yana kallon ƙofa, daidai inda aka ajiye shi ran da aka ce a dakata.

Ya ɗauka ya sa a kunne. Sai ya ji kukan jirgin ƙasa, da hayaniyar 'yan dako, da muryar mai gyaran rediyon da ke jikin kantinsa. Kantinsa ne na Sabon Gari. A ranar ya manta bai mayar da nasa kan ba kafin ya fito. Ya tsaya yana sauraron teburinsa babu kowa a kai, yana jin abin da ɗakin nan ya yi wata uku yana ji in ya cire kunnensa.

"Na dakata, Baban Remi," ya ce. "Wata uku."

Ya mayar da kan a mazauninsa. Ƙarar ba ta kai ko ƙarar rufe kwalba ba. Maman Remi ta shigo, ta ɗauke tabarau ta sa a jaka, ta hau kujera ta wana agogo, ta ce, "Malam, ƙarfe nawa?" Ya gaya mata. Da yamma Baba Shekari ya biyo ya sa wa akwatin sabon batir.

Kamar yadda akan gani ga masu dogon ciwo, marigayin ya samu sauƙi daf da tafiya. Ranar Alhamis, ƙarfe takwas daidai, ya kaɗa a Sabon Gari: kirr-kirr, gajeru guda biyu. Malam Zailani bai iya miƙa hannu ba sai da ya sake kaɗawa.

"Malam, ina kwana," in ji Maman Remi, muryarta tar kamar tana bakin kanta. "An tashi lafiya? Buhunan nan da suka daskare, ina kake so in..."

Daga nan babu komai. Ba ɗigo, ba suya, ba iska. Malam Zailani ya san shirun layi kala-kala, wannan bai taɓa jin irinsa ba.

A daidai lokacin, a gindin falwaya ta ɗari da goma sha biyar, akwai Landiroba mai taya huɗu, da tsanin Zariya, da ɗamarar Samaru, da ma'aikatan sassan biyu suna aiki tare karo na farko. Ƙa'idar ofishin ita ce, layin da ya cika kwana casa'in ana kai ƙararsa ba a gano ciwonsa ba, a yanke shi a ba wani wayar. Hujjar da aka kafa kuwa fom goma sha tara ne, duk da sa hannun mai layi. Martin ya ce bai taɓa ganin fayil mai tsabta kamarsa ba.

Marigayin ya rasu ya bar baƙaƙen akwatuna biyu, ɗaya a Sabon Gari ɗaya a Samaru, waɗanda ba su taɓa ganin juna ba. Ya bar waya mil tara da za a aurar wa wani. Ya bar dogon yaro mai hannu ɗaya a Palladan, da falwaya guda da aka ce yanzu za a sa ta a taswira. Ya bar Maman Remi a kanti buɗe, wadda tun ran Juma'a take aiko saƙo a takarda ta hannun direban bas, kuma saƙon yana isowa. Ya bar Malam Zailani Umaru.

Za a ɗauki gawa ranar Litinin ƙarfe goma, lokacin da ofishin waya ya ce zai aiko a kwashe akwatunan biyu. Waɗanda suka san ofishin ba sai sun yi sauri ba. Za a fara da na Samaru, a biyo ta Palladan, a ɗan tsaya a gindin falwayar don Baba Shekari ya cire hula, sannan a iso Sabon Gari. An roƙi direba ya ajiye su gefe da gefe a bayan mota.

Zaman makoki a bencin ƙofar kantin Sabon Gari ne, kwana uku. Ba a bukatar a kawo abinci. Mai son yi wa Maman Remi ta'aziyya ya hau bas ya je Samaru, irin albasa ya iso, ita ke kan kanta. Mai neman Malam Zailani zai same shi a teburinsa tun da safe kamar kullum. Ana dai roƙon wanda ya iso ƙarfe takwas ya zauna a benci ya ɗan jira, kada ya yi sallama sai ta wuce da minti biyar.